Kifin Ado

Saƙon da ya jawo duk wannan ɓacin rai bai wuce layi biyu ba, kuma Shamsiyya da hannunta ta rubuta shi. Wan mijinta ta tura wa, Yaya Mas'ud, mai jan ƙaramar bas tsakanin Kano da Tudun Wada. Ta ce: "Yaya ina wuni. Don Allah in ka samu hali ka sayo wa Bushra kifin ado guda ɗaya, ƙarami, mai rai." Shi ke nan fa. Ko ɗan aji uku ne ya karanta ya san kifin kwalliya ake nufi, 'yan mitsi-mitsin nan masu launi da ake sawa a akwatin gilashi a yi ta kallo. To amma ƙaddara ta riga fata. A Tiga akwai wani masunci sunansa Ado, wanda duk direban da ke bin wannan hanya ya san kifinsa.

Kafin in kai ga abin da Mas'ud ya yi da saƙon, sai kun san abin da ya kawo akwatin kifi cikin ɗakin mace a Yako, garin da ko akuya sai an ga amfaninta ake ba ta dusa.

Bushra 'yar Shamsiyya ce, ita kaɗai Allah ya ba ta, shekararta takwas, kuma tana da sikila. Daminar bara ciwon ya tashi, suka yi sati bakwai a wani babban asibiti a Kano. A bakin ɗakin yara akwai akwatin gilashi da kifaye, a gadon da ke kusa da na Bushra kuma akwai wata yarinya daga Doguwa, sa'arta, sunanta Raihana. Duk ranar da jiki ya ɗan yi sauƙi sai su ja ƙarfen ƙarin ruwa su je su tsaya gaban gilashin, su manna goshi. Raihana ta fi son wani ja mai doguwar jela, tana cewa mayafi ya yafa zai tafi biki. Bushra ta dawo gida. Raihana kuwa a mota aka kai gawarta Doguwa.

Bayan dawowarsu Bushra ta daina magana, ta daina cin abinci sai da lallami da kuka. Shi ya sa ranar da suka koma ganin likita, Shamsiyya ta nemi shagon masu kifin ado har ta samu. Mai shagon ya auna mata akwati kamu ɗaya da taƙi, ya haɗa mata da ɗan injin da ke huro iska cikin ruwa, ya ƙirga mata jajayen kifaye guda biyar, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba.

"Hajiya, biyar ɗin nan su ne daidai ruwan," in ji shi. "Kada ki ƙara, kada kuma ki haɗa su da wanda bakinsa ya fi nasu."

Ita kuwa ba ta buƙatar wannan karatu. 'Yar marigayi Malam Rufa'i ce, masuncin Tiga, da ƙarnin kifi ta girma, tun ba ta iya ɗaura zani ba take tsince masa koma. Amma ta ce masa to, ta rungumo akwatin a cinya tun daga Kano har Yako.

Aka jona injin da batirin solar gidan. Bushra ta raɗa wa kowane kifi suna, mai doguwar jelar kuma ta ce shi ne Raihana. Daga ranar ta fara cin abinci a gaban gilashin, ta barbaɗa musu nasu, ta kai loma bakinta. Wata huɗu ana haka, kumatunta suka ciko. Sai ɗaya daga cikin kifayen ya mutu, mutuwar Allah da Annabi, Bushra ta yi kuka, uwar ta ce za a sayo wani. Wannan ne asalin saƙon.

Mas'ud ya karanta yana tsaye a tasha, ya ce a ransa kifin Ado ai sai Tiga, shi kuma ba ya shiga Tiga. Da ya kira mahaifinsu Malam Balarabe su gaisa sai ya ambata masa. Tsoho ya ce Ado ai abokinsa ne tun suna samari, a bar masa wannan. Mutumin da ya haura saba'in, da gwiwar da ko masallaci sai da sanda, ya hau acaɓa ya tafi Tiga bai gaya wa kowa ba.

Bayan la'asar ya dawo da 'yar jarka a hannu, yana kwaɗa sallama tun daga zaure.

"Ina amaryata? Fito ki ga abin da mijinki ya kawo miki."

Haka yake kiran jikarsa, ita kuma ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Shamsiyya ta fito ta durƙusa tana gaishe shi, kanta a ƙasa kamar yadda take yi shekara tara ke nan. Ba ta kai ga ya gajiya ba ya wuce ta, ya shiga ɗaki, ya karkata jarkar cikin akwatin.

"Ga shi nan, kifin Ado, kamar yadda kika ce. Da kansa ya zaɓa."

Ta ɗago ta duba. Wani baƙin abu ne, tsawon yatsar tsakiya, kansa a baje, ga gashin baki yana lilo. Ya nutse ƙasa ya lafe a kusurwa kamar mutumin kirki. Ko cikin barci aka tashe ta ta san wannan halitta. Tarwaɗa ce. Tarwaɗar da babanta yake cewa ba ta da ɗan'uwa sai cikinta.

Bushra ta leƙa ta ce, "Kai, tsoho, kamarku ɗaya. Har gashin bakin."

Malam Balarabe ya yi dariya har da tari. Ya zauna a bakin gado yana shafa gwiwa, ya ce Ado ya tabbatar masa wata uku ya ishi wannan ya kai damtse.

"Waɗannan jajayen naku wata huɗu suna cin abinci, ko ƙwayar gero ba su ƙara ba. Ina amfaninsu? Ina so yarinyar nan ta riƙa kallon abin da ke ci yana girma, ita ma ta ci ta girma."

To ku gaya mini, mutumin da ya faɗi wannan magana, da gumin hanya a goshinsa, wace suruka ce za ta buɗe baki ta ce masa ya yi kuskure? Shamsiyya ta ce, "An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da mijinta Munir ya dawo daga shagonsa na kayan babur, ta kai masa abinci ta zayyana masa komai. Ya ajiye cokali ya yi ta dariya har yana dukan cinya.

"Kifin ado, kifin Ado. Wallahi Yaya Mas'ud ya iya shirme."

"Baban Bushra, ba abin dariya ba ne. Cinye su zai yi."

"Wannan ɗan abin? Haba."

"Yau ɗan abu ne. Ka ba shi sati uku."

"To ya kike so in yi? Baba ya tafi har Tiga da wannan ƙafar. In je in ce masa kyautarsa ba ta karɓu ba? Ki rufa mini asiri. Kuma kada ki gaya wa Bushra, kin san bakinta, yanzu sai ta je ta faɗa masa."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da Munir zai sayi tayar babur sai ya juya ta sau goma ya tambayi wanda ya sani. Amma ga 'yar masunci a ɗakinsa tana gaya masa halin kifi, ya mayar da ita kamar rediyon da ba a kama tasha ba.

Sati uku ta ce, kwana goma sha tara aka yi. Baƙon ya ci abincin jajayen, ya ci nasa, ga Malam Balarabe kullum da safe sai ya dogaro sandarsa ya zo duba shi, ya jefa masa gara ko guntun hanjin kaza. Ruwan da a da sai sati ake canzawa ya koma kwana biyu ya yi dagwalo. Ran nan da safe Bushra ta zo da abincinsu, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Umma, uku ne."

Shamsiyya ta duba bayan duwatsun, ta duba ƙasan tebur, alhali ta san inda na huɗun yake. Ga shi can a kusurwa, cikin mai gashin baki ya yi tulu.

Nan fa kowa ya zama malamin kifi. Munir ya ce kyanwar maƙwabta ce, kyanwar da sai ta ɗage murfin gilashi ta mayar ta rufe. Tsoho ya ce kifin birni ba su da ƙwari, narkewa suke yi a ruwa. Wata maƙwabciya ta ce a yi hayaƙi, ruwan da aka ajiye a ɗaki ba a rasa masu shi. Ita kuwa wadda ta san gaskiyar tana tsaye da tsintsiya a hannu, ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce uffan ba. Bushra ta ture kokonta a ranar, sai da azahar ta sha ɗan kunu.

Bayan kwana shida aka wayi gari saura biyu.

Shamsiyya ta ce a ranta kunyar ta isa haka. Ta sa hannu ta cafko tarwaɗar ta bayan kai, yadda ƙayar gefen ba za ta soke ta ba, ta jefa ta a bahon wanki, ta zuba ruwa, ta ajiye a inuwar ɗakin girki. Tarwaɗa ai ko a taɓo rayuwa take, baho ma gata ne a wurinta.

Malam Balarabe ya zo da garar safe, ya leƙa gilashi bai ga mutuminsa ba. Ya fito tsakar gida ya gan shi a baho, kusa da tulin wanke-wanke. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya zuba garar a ƙasa don kaji, ya juya ya tafi. Ranar ya dawo da tuwon da aka kai masa ko buɗewa bai yi ba.

Munir ya shigo kamar zai tashi sama.

"Kyautar mahaifina kika jefa a bahon wanki? Kin san abin da ya ce mini? Ya ce da ya san ƙazanta ya kawo da bai wahalar da kansa ba."

"Ka je ka gaya masa gaskiya mana. Kai ɗansa ne."

"In ce masa me? Shi ya kashe wa jikarsa kifi? Hawan jininsa fa?"

"To ita jikar fa? Nata jinin fa?"

Ya ɗauki bahon da kansa ya juye a akwatin, har ruwa ya fantsama a kan tabarma. Sannan ya ce, kamar mai ba da babbar shawara, ai sai ta riƙa ƙosar da shi, wanda ya ƙoshi ba ya ɓarna. Shamsiyya ta bi shi da kallo. Tarwaɗa ta ƙoshi! Wannan ko a tatsuniya ba ta taɓa ji ba.

Da ta ga magana ta ƙi, sai ta koma dabara. Ta yanko wani gefe na tsohon gidan sauro, ta ɗinka shi a jikin waya, ta raba akwatin gida biyu, ta danne ƙasan da duwatsu. Akwatin da ma can na 'yan ƙanana biyar ne, yanzu ga ƙato ya kusa taƙi guda, an ba shi rabi, ko juyawa zai yi sai ya lanƙwashe. Tsoho ya zo ya gani ya ce an matse masa kifi, amma bai ce a cire ba. Aka yi kwana tara lafiya, har Shamsiyya ta fara sakin jiki. A rana ta goma ta tarar da duwatsun a ture, ragar ta ɗage daga ƙasa, baƙon yana kwance a ɓangaren masu gida. Can sama, a bayan bututun iska, mai doguwar jela ce kaɗai ta maƙale tana karkarwa.

Bushra ba ta yi kuka ba wannan karon, kuma rashin kukan ya fi tayar wa uwar hankali. Ta tsaya gaban gilashin ta ce a hankali, "Umma, ita ma Raihana tafiya za ta yi?"

"Ba inda za ta je."

"Haka kika ce a asibiti."

Wallahi da wuƙa aka soka wa Shamsiyya da ta fi jin sauƙi. Ta ɗauko kwalbar alewa babba, ta wanke ta tas, ta ɗebi ruwan akwatin, ta kamo Raihana da rariyar shayi ta saka a ciki. Ta gaya wa Bushra wai ba ta jin daɗi ne, an ba ta gado ita kaɗai kamar yadda ake yi a asibiti. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, amma an hana ta faɗin gaskiya ga babba, an hana ta faɗa wa ƙarami.

Ku duba wannan rashin adalci. Akwatin da ta rungumo daga Kano, da injinsa da duwatsunsa, ya zama na ɗan Tiga shi kaɗai, yana miƙe ƙafa yana cin hanjin kaza. Mai gida kuma tana cikin kwalbar alewa a bayan ƙofa. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya zo da tabarmarsa.

Kwalba kuwa ba wurin zaman kifi ba ce, Shamsiyya ta fi kowa sani. Ruwan kaɗan ne, ga zafin bazara, kafin azahar ya yi ɗumi kamar na wanka. Injin iskar bakinsa ɗaya ne, ta gwada sa shi a kwalbar, ya riƙa wujijjiga 'yar kifin kamar ana kaɗa miya, dole ta cire. Sau uku a rana take canza ruwa, tana naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma. Duk da haka a kwana na uku Raihana ta fara tasowa sama tana buɗe baki, jelar nan ta yi yaushi. Bushra ma ta koma cokali biyu, idonta ya fara yin ɗorawa.

Ta sake yi wa Munir magana, ya ce ta bari Juma'a ta wuce zai san yadda zai ɓullo wa Baba. Juma'ar da saura kwana huɗu. Ta dube shi ta ce Allah ya kai mu, a ranta kuwa ta riga ta gama shawara. Akwai mai yanka gilashin taga a Kiru, ta kira shi ta gaya masa awo, ya ce ta zo gobe da hantsi ta karɓa. In an hana ta fitar da baƙo, ai ba a hana ta gina wa mai gida wani ɗaki ba.

Washegari ta canza ruwan kwalbar, ta ce wa Bushra ta zauna kusa da ita kada ta taɓa komai, yanzu za ta dawo. Ta hau acaɓa ta tafi. Mai gilashi ya tsayar da ita, wai gam bai gama kamawa ba, ta zauna a benci tana kallon rana tana hawa. Sai bayan azahar ta kamo hanya, sabon akwati a cinya, tana ce wa ɗan acaɓa ya bi a hankali, tana kuma ce masa ya yi sauri.

Tun daga tsakar gida ta ji shirun ya yi yawa. Takalman Malam Balarabe suna bakin ƙofarta. Ta yi sallama ta shiga.

Tsoho yana zaune a ƙasa, shi da ba ya iya zaman ƙasa, sandarsa a yashe. Bushra tana tsaye ta manna goshi a gilashi. Kwalbar alewa tana kan tebur, ba komai a ciki sai ɗigon ruwa.

Shi ya fara magana, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Na shigo na tarar tana kuka, wai kifin yana haki. Na ga kwalba ce, ba iska. Na ce wa ya sa shi a nan ga gidansa? Ita ta riƙe murfin, ni na juye. Ko ƙasa bai kai ba."

A gabansu aka yi, da rana tsaka, su biyun suna kallo.

Shamsiyya ta ajiye sabon akwatin a kan gado a hankali, don in ba ta yi a hankali ba jifa za ta yi da shi. Haushin sati shida ya taso mata, na Mas'ud da bai iya karatu ba, na Munir da Juma'arsa, na masu kyanwa da masu hayaƙi. Ba ta durƙusa ba. Shekara tara ba ta taɓa tsayawa a kan surukinta ba sai yau.

"Baba, tarwaɗa ce. Duk abin da ya shiga bakinta abincinta ne. Ita ta cinye ukun farko. Kifin ado na ce, na kwalliya, irin waɗannan. Ban ce na Ado ba."

Ya ɗago ya dube ta, ita ma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kin san haka?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka juye jarkar."

Ya ce, "Ni manomi ne, 'yar nan. Dawa na sani. Ke ce 'yar Rufa'i. Kullum ina shigowa ɗakin nan da hanjin kaza a hannu, kina ce mini sannu da zuwa."

Ta buɗe baki za ta ce an hana ta ne, sai ta ji maganar ba ta da nauyin da za ta fito. An hana ta, gaskiya ne. Amma hannun da ya ɗinka raga, ya wanke kwalba, ya rungumo gilashi daga Kiru, duk don kada baki ya faɗi kalma huɗu, nata ne. Wannan ya ƙara mata wuta, don haushin da mutum ba shi da wanda zai ɗora wa ya fi kowanne ci.

Ta fita ta dawo da wuƙar girki da faranti. Ta naɗe hannun riga, ta tura hannu cikin ruwan. Tarwaɗar ta yi wata irin bulala, ruwa ya watsu har bango, amma 'yar masunci ce ta kama, yatsa biyu a bayan ƙaya, babban yatsa a ƙarƙashin haɓa. Ta fito da ita tana wutsil-wutsil, ta danne a faranti. Ta ƙudura yau sai an yi farfesunta, kuma sai Munir ya sha romon ko yana so ko ba ya so.

Sai ta ji an riƙe mata zani.

Bushra ce. Tun shigowar uwar ba ta ko juyo ba sai yanzu. Idonta a bushe.

"Umma, kada ki yanka shi."

"Shi ya cinye miki su, Bushra. Duka."

"Na gani." Ta kalli cikin kifin da ke motsi a ƙarƙashin hannun uwarta. "Raihana tana ciki."

Malam Balarabe ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa.

Shamsiyya ta tsaya da wuƙa a hannu ɗaya, maƙiyinta a ɗaya. Sati shida tana mafarkin wannan rana, ga shi ta zo, kuma ba dama. Ta ajiye wuƙar. Ta ɗaga tarwaɗar da hannu biyu ta mayar da ita cikin ruwan, ta gyara bututun iskar da ya goce. Kifin ya nutse ya koma kusurwarsa, jelarsa ta lanƙwashe a jikin gilashi saboda wurin ya yi masa kaɗan. Bushra ta matsa ta mayar da goshinta inda yake.

Shamsiyya ta goge hannu a zani, ta juya wajen surukinta.

"Baba, akwatin nan ba zai ɗauke shi ba. Nan da wata guda ko juyawa ba zai iya ba, ruwan zai kashe shi. Gobe da safe za a kai shi Tiga a sake shi a dam, inda zai samu wuri. Da ni za a je, da ita."

Tsoho ya sauke hannu daga fuskarsa. Ya laluba ya jawo sandarsa, ya yunƙura bai iya tashi ba, sai da ta miƙa masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"To," in ji shi. "Ƙarfe nawa?"

"Bakwai, kafin rana ta yi zafi."

Ya gyaɗa kai, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa. Shamsiyya ta ɗauki faranti da wuƙar ta fita, ta je ta ɗauraye jarkar da aka kawo shi a ciki, ta ga ta yi masa kaɗan, ta shiga neman babba.